Wa Ya Buɗe Akwatin Malam Sala?

Ranar Litinin da safe Alhaji Sulemana ya buɗe akwatin ƙarfen mahaifinsa ya tarar takardar ba ta nan. Kafin masu koko su sauke tukwane labarin ya gama layinsu, kafin azahar ya haura unguwar Maamobi ya dawo da ƙarin gishiri. Wasu suka ce ɓarayi ne suka shiga ta rufi, wasu suka ce ai da gani aikin ɗan gida ne. A unguwar Nima ta Accra ba a rasa wanda ya ga ɓarawo, sai dai kowa da nasa ɓarawon.

Takardar haihuwar mahaifin nasa marigayi Malam Sala ce, ta shekarar 1944, da hatimin Turawan mulki a ƙasanta. Shekara da shekaru ba wanda ya waiwaye ta, sai da jikarsa Mardiya, 'yar Alhaji Sulemana, ta nemi gurbin karatun harhaɗa magunguna a jami'ar gwamnati. Yarinyar ta ci jarrabawa, ta ci da kyau. Amma da ta zo wurin da fom ya ce a rubuta garin asali, sai ta rubuta Kano, don abin da ta taso tana ji ana faɗa a gidansu ke nan, alhali ko tashar motar Kano ba ta taɓa gani ba. Ofishin ɗaukar ɗalibai ya ga Kano, ya ga katinta na ɗan ƙasa bai fito ba tukuna, sai ya aiko da wasiƙa: ta kawo shaidar cewa ɗaya daga cikin kakanninta a ƙasar nan aka haife shi, zuwa Juma'a ƙarfe goma sha biyu. In ba haka ba sunanta zai koma jerin baƙi, inda guraben ba su kai yatsun hannu ba, kuma an riga an cike su.

Ran Talata aka aika tashar Tudu a kira Baba Ziblim.

Ziblim mutumin arewa ne, Badagombe, siriri, ba ya son dogon zance. Yana saurayi sawun shanun da aka sace yake bi a daji. Da ya zo Accra bai tarar da dajin ba, sai ya koma bin sawun kayan da suka ɓata a tashar Tudu: buhun albasa da ya hau motar da ba tasa ba, ƙunshin atamfa da aka sauke a garin da ba a aike shi ba. Shekara talatin yana wannan aiki. Abin da ya tsana a duniya shi ne a kira shi bayan mutane sun gama tattake wuri, kuma kullum sai an gama ake kiransa.

"Mutum nawa ya shiga ɗakin nan tun jiya?" ya tambaya daga bakin ƙofa.

"Ba su da yawa," in ji Alhaji Sulemana. "Maƙwabta ne suka zo jaje."

"Kuma an share?"

"To, Baba, a bar baƙi su shigo cikin datti?"

 Ziblim ya tsuguna gaban akwatin, ya juya kwaɗon a tafin hannunsa. Ba a fasa shi ba, ba a ko ƙwarzane shi ba. A ciki ga takardar gida nan a naɗe, ga 'yan kunnen zinariya a cikin gwangwani, ga agogon marigayin. Wanda ya buɗe ya san abin da ya zo nema, ya ɗauka, ya mayar da kwaɗo ya kulle cikin ladabi.

"Mabuɗi fa?"

Alhaji Sulemana ya daki aljihunsa. "Ɗaya ne, ba ya barin jikina. Mako biyu da suka wuce, ranar da wasiƙa ta zo, na buɗe na ga takardar da idona. Na faɗa a tsakar gida, kowa ya ji, na ce alhamdu lillahi tana nan."

"Kowa ya ji," Ziblim ya maimaita, ransa na ƙara ɓaci. Mutum ya tsaya tsakiyar gidan haya mai ɗaki goma sha ɗaya ya yi shelar inda ya ajiye abu, sannan ya zo yana mamakin ɓatansa.

A tsakar gida Hajiya Ƙaltume, uwar Alhaji, tana zaune kan tabarma da carbi, idanunta sun yi fari da yana. Ziblim ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, ta ce Allah ya tona asirin azzalumi, ta ci gaba da jan carbinta. Mardiya na tsaye jikin bango, idanu sun kumbura. Jiya ta hau trotro, motar haya, har jami'a ta roƙi a ƙara mata lokaci, aka ce mata doka ce.

"Baba Ziblim, kwana uku ya rage," ta ce. "In ta wuce ni bana, sai wata shekara, in ma sun yarda."

Bai yi mata alkawari ba. Ya dai lura tana yawan kai hannu tana sosa damtsenta na hagu ta cikin hijabi, ya ɗauka sauro ne.

Sunan da unguwa ta fi kira shi ne Razak, mai kafen intanet da ke cike wa mutane fom a Maamobi. Shi ya cike wa Mardiya nata, kuma an daɗe ana raɗe-raɗin yana samar wa masu neman fasfo tsofaffin takardu. Ziblim ya same shi yana fama da injin buga takarda da ya ƙi ja.

"Baba, abeg, ni kuma?" Razak ya ɗaga hannu biyu. "Ni ne na ce ma yarinyan kar ya rubuta Kano! Na ce rubuta Nima, ya ce kakansa ya ce su Kanawa ne. Yanzu abu ya ɓata, Razak ne ɓarawo."

"An ce kana sayar da takarda."

"An ce! An ce kuma ina da gida a East Legon, unguwar masu kuɗi, ga ni nan ina kwana kan benci. Baba, duba, ko zan saci takarda, na sittin da wani abu zan sata. Na 1944 wa zai saya? Mai shi ya kai tamanin, ina za shi?"

Ziblim ya dubi ƙafafunsa, ya dubi ƙatuwar filastar da ke idon sawunsa. Okada ta buge shi, in ji Razak, mako uku ke nan ko masallacin Juma'a ɗaukarsa ake yi. Mai shagon kusa ya tabbatar, har ya ƙara da cewa ihun da Razak ya yi ranar ya fi ciwon yawa. Ziblim ya fito ba tare da ya ƙaru da komai ba, sai zafin rana.

Laraba ta tafi a kan Fu'ad, ɗan ƙanen Alhaji Sulemana, wanda ke kwana a ɗakin da ke manne da na akwatin. Kowa ya san burinsa ya fita waje, kuma takardar kakansa za ta yi masa amfani kamar yadda za ta yi wa Mardiya. An kuma gan shi ranar Asabar yana fita da ambulan a hammata, yana waige-waige. Matan gidan har sun yanke masa hukunci, sun daina zuba masa abinci.

Ziblim ya bi sawun ambulan ɗin daga mai shayi zuwa mai wankin mota, daga nan zuwa wata mai ɗinki a bakin kasuwa. Sai da la'asar ya gano inda ta sauka: hannun wata budurwa mai suna Hamdia, kuma abin da ke ciki hoton Fu'ad ne sanye da kwat ɗin aro, da wasiƙa mai shafi huɗu. Hamdia ta nuna masa tana dariya har da hawaye. Fu'ad kuwa da ya ji inda aka je, sai ya fashe da kuka na gaske.

"Ni zan cuci Mardiya? Ni da nake raka ta lesin tun tana aji uku? Baba, ku ce ba ni da aiki, ku ce ba ni da amfani, na yarda. Amma wannan, wallahi ya yi mini ciwo."

Ziblim ya ji kunya, kuma ba ya son jin kunya. Kwana biyu ya ɓata yana bin bakin mutane, shi da ya san baki ba ya barin sawun kirki. Ya zauna kan benci a bakin titi, trotro na wucewa suna busa masa hayaƙi, ya sake jera abin da ya gani da idonsa. Kwaɗo lafiya. Zinariya na nan. Wane irin ɓarawo ne zai tsallake zinariya ya ɗauki tsohuwar takarda, ya kuma tsaya kullewa? Sai wanda a ransa bai ɗauki abin sata ba.

Ran Alhamis da hantsi ya koma gidan, ya ce Mardiya ta kawo masa ruwa. Da ta sunkuyo ta miƙa kofin, wani wari ya bugi hancinsa, warin da ya sani tun yana yaro: sabuwar jar fata da ba ta gama bushewa ba. Ya dubi ƙafarta, silifas ɗin roba ne. Ba ta riƙe da jaka. Ta miƙe, hannunta ya sake komawa damtsen hagu.

 Kowa a layin ya san Alhaji Sulemana ɗan Ahlussunna ne mai zafi, wanda shekarun baya ya tattara duk layun gidan ya cinna musu wuta a tsakar gida, uwarsa na kallo. In akwai sabuwar laya a gidan nan, to a ɓoye ta shigo. Masu ɗinka laya kuwa a wannan yanki saura mutum ɗaya.

Kadiri baduku yana da rumfa a wani lungu bayan babban kwalbatin Nima, inda yake gyaran takalma a fili, yana ɗinkin laya in an matso kusa an yi magana ƙasa-ƙasa. Da ya ga Ziblim, sai ya haɗe rai.

"Ni ba na faɗin sunan masu kawo mini aiki."

"Ban tambaye ka suna ba. Takarda in ya fi fata girma, yaya kake yi?"

"A rage ta mana. Rubutun malam ake bukata, gefe-gefen ai banza ne." Kadiri ya nuna wani gwangwanin madara da ke rataye. "In guntun yana da sunan Allah, nan nake sawa, ba na bari ya taɓa ƙasa. In boko ne, shara."

"Sharan fa?"

Kadiri ya nuna kwalbati da haɓa. An yi ruwa sau biyu a makon nan.

Ziblim ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya shiga ɗaga tarkacen rumfar ɗaya bayan ɗaya: tsofaffin dunduniyoyi, ƙusoshi, guntayen roba. Kadiri na ta mita yana cewa za a kore masa ciniki. A ƙarƙashin katakon da yake yanka fata a kai, manne da busasshen gam, ga wani siririn yanki na takarda da ta yi ja don tsufa, tsawon ɗan yatsa. A jikinsa akwai rabin da'irar hatimi mai ruwan shuni, da ƙafar wani kambi.

Ziblim ya daɗe yana kallonsa. Ya sha gano kaya ya ji daɗi. Wannan karon ji ya yi kamar ya mayar da katakon ya rufe, ya koma Tudu abinsa.

Bayan la'asar ya tara su a tsakar gida. Razak ya zo yana ɗingishi, Fu'ad ya tsaya nesa ya harɗe hannu, Kadiri ya zauna a bakin zaure kamar mai shirin gudu. 'Yan haya suka cika ƙofofin ɗakunansu, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Kowa ya zo ganin wanda za a kama.

"Razak bai ɗauka ba," in ji Ziblim. "Fu'ad bai ɗauka ba, kuma ku ba shi abinci. Alhaji, akwatin nan na babanka ne. Kwaɗo da mabuɗi biyu yake zuwa. Ɗaya ya ba ka. Ɗayan wa miji zai ba?"

 A hankali Alhaji Sulemana ya juya wajen tabarmar uwarsa.

Ziblim ya je ya durƙusa gaban tsohuwar, ya sassauta murya. "Hajiya, ba wanda zai ƙona komai yau, na tsaya miki. Me kika ɗauka a akwati?"

Carbin ya tsaya. Hajiya Ƙaltume ta ɗaga kai.

"Ni ban taɓa takardar Turawanku ba. Addu'ar Malam na ɗauka, wadda mahaifinsa ya rubuta masa ranar suna. Ko a makance hannuna ya san ta, na ba yaro ya kai wa Kadiri. Ku yara ne, ba ku san komai ba. Shekarar da aka kori baƙi daga ƙasar nan, ina da cikin Sulemana, 'yan sanda suka shigo gidan nan, nan inda kuke tsaye. An kwashe maƙwabtanmu a manyan motoci, har yau ban sake ganin wasu ba. Malam ya zaro addu'ar nan daga aljihu ya miƙa musu. Suka duba, suka duba, suka mayar masa, suka fita ba su ce ƙala ba. Da idona na gani, lokacin ina da ido." Ta lalubo inda jikarta take. "Na ji an ce yarinyar nan za ta tsaya gaban manya su tambaye ta asalinta. In bar ta ta je haka nan, abin yana kwance a akwati?"

"Mma," in ji Alhaji Sulemana, "rubutun ai a bayan takardar yake. Ba addu'ar suka duba ba. Ɗaya gefen suka duba."

 Mardiya ta tura hannu cikin hijabi, ta daɗe tana kokawa da igiya, sannan ta fito da 'yar laya ja, sabuwa ful. Kaka ce ta ɗaura mata ran Lahadi, ta ce kada ta gaya wa kowa, musamman babanta. Da ita a damtse ta je jami'a ran Litinin, ta tsaya gaban taga tana rantsuwa cewa an sace takardar.

Kadiri ne ya farke ɗinkin da reza. Aka warware takardar a kan faranti, ninki bayan ninki. Ga rubutun Larabci cif, ko wasali bai taɓu ba, Kadiri gwani ne a aikinsa. Aka juya. Ga sunan Malam Sala, ga sunan mahaifinsa, ga shekara. Daga nan takardar ta ƙare, an yanke ta tsaf a miƙe. Layin da ya faɗi inda aka haife shi, da sa hannun magatakarda, da hatimi, duk sun bi ruwa.

Alhaji Sulemana ya yi kan Kadiri, aka rirriƙe shi. Ya juyo wajen uwarsa, ya ga yadda take lalube a faranti tana tambayar me ya faru, sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Masu leƙen katanga suka sauka ɗaya bayan ɗaya, ba su sami wanda za su jefa ba.

Ran Juma'a Ziblim ya raka Mardiya, ko da yake ba aikinsa ba ne. Motoci biyu suka hau, suka isa da sauran lokaci. Ya manna ɗan yankin hatimin a gefen takardar da hannunsa, ya yi wa ma'aikacin da ke bayan taga bayani tun daga akwati har rumfar baduku. Mutumin bai yi musu wulaƙanci ba, da ma ya yi, da Ziblim ya sami wanda zai huce a kansa. Ya saurara har ƙarshe, ya ɗaga takardar ya haska ta, ya shiga ciki da ita ya daɗe, ya fito.

"Na yarda da ku," ya ce. "Amma ba yardata ake sawa a fayil ba. Takardar nan ta ce an haifi mutum a 1944, ba ta ce a ina ba. Ku je ma'ajiyar tsofaffin takardu a nemo asalin rajistar, in an dace wata uku ko huɗu. Ta sake nema baɗi."

"Bana fa?" in ji Mardiya.

Ya dubi agogon bango, ya ce ta yi haƙuri.

Suka hau trotro zuwa gida. Ziblim na ta lissafin kwana biyun da ya ɓata, ko da yake ya san ko ran Talata ya gano, rezar ta riga shi. Sanin bai rage masa komai ba.

Suka tarar da Hajiya Ƙaltume a bakin zaure, ita da ta yi shekaru ba ta fito nan ba. Ta ji takunsu ta miƙo hannu. Mardiya ta durƙusa, tsohuwar ta shafa fuskarta ta ji ta jiƙe.

"Me suka ce?"

"Kaka, sun ce bana a baƙi nake."

"Baƙi?" Tsohuwar ta juya fararen idanunta wajen titi, inda ladan ya fara kiran sallar Juma'a. "A bayan masallacin can aka binne cibiyata. Ku kai ni wurinsu in gaya musu."

Ta shiga laluben takalmanta da ƙafa. Ziblim ya dubi Mardiya, Mardiya ta dube shi, aka rasa wanda zai gaya mata an rufe ofis tun ƙarfe goma sha biyu.